Muciya a Gaban Kwamitin Likitoci

Ku 'yan koyon aiki da ake turo mana sashen gashin ƙashi, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai duk asibitin nan babu aikin hutu irin auna masu neman diyya. Ka ce wa mutum ɗaga hannu, sauke hannu, taka nan, sunkuya can, ka sa hannu a takarda, ka tafi cin shinkafarka. To madalla. Ni Garba, da na shiga aikin nan da sumata baƙa wuluk na fita da sanƙo, bari in ba ku kaɗan daga abin da na gani, in ya so ku sake shawara.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Ma'aikaci ya ji rauni a wurin aiki, ko aikin ya ci jikinsa sannu a hankali, sai ya nemi a sallame shi da haƙƙinsa. Mai aikin kuma ya ce sam, lafiyarsa ƙalau, lalaci ne. Sai a kawo maganar gaban kwamitin likitoci. Su likitoci su duba hoto, su duba jini, su faɗi sunan ciwon. Amma akwai tambaya guda da hoto ba ya amsawa: jikin nan zai iya aikin da ake biyansa dominsa, ko ba zai iya ba? Wannan tambayar mu ake turo wa. Abin da muka faɗa shi ke sa mutum ya koma gida da mutuncinsa da abin hannunsa, ko ya koma bakin aiki, ko a kore shi hannu rabbana.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Oga Yohanna, wani dogon mutum siriri mai ƙaramin gemu, wanda Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba, amma idonsa ya san komai. Ranar da aka kai ni wurinsa na zo da zumuɗina, ina ta kallon kayan aikin da ke jere a kan tebur. Ga wani ƙarfe mai fikafikai biyu kamar kamfas ɗin 'yan makaranta, da shi ake auna iyakar inda gaɓa take lanƙwasuwa. Ga na'urar matsawa, ka damƙe ta da ƙarfinka allura ta nuna ƙarfin damƙarka. Ga akwatin katako da ake zuba wa jakunkunan yashi a ce ka ɗaga daga ƙasa zuwa tebur, daga tebur zuwa kan wata kanta da ke jikin bango. Ga 'yar matakala, ga tef irin na tela, ga abin awon hawan jini. Na miƙa hannu zan taɓa, ya buge mini hannu. Ya ɗauko kujera ya dasa mini a bakin ƙofa.

"Ka zauna nan," in ji shi. "Aikin ka takalmi."

Na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ne. Na yi watanni ba abin da nake yi sai kallon takalman mutane. Kun san mutanenmu, ko an ce su shigo da takalmi sai sun tuɓe a bakin ƙofa. To da yamma sai Oga ya tsare ni da tambaya. Wane gefen dunduniya ne ya fi cinyewa? Da wace ƙafa ya fara tuɓewa? Da zai fita, sunkuyawa ya yi ya gyara takalmin ko da yatsan ƙafa ya jawo shi? Robar gindin sandarsa ta lashe ko sabuwa ce ful? In na ce ban lura ba sai ya girgiza kai ya ce, "Garba, ido na ka yana kasuwa." Haushi kamar ya kashe ni a lokacin. Sai daga baya na gane cewa mutum yana shirya abin da zai nuna maka a cikin ɗaki, amma ba ya shirya wa bakin ƙofa komai.

Wani direban babbar mota, Ɗanladi, shi ne ya fara sa ni na ji daɗin zaman ƙofar nan. Ya zo da ƙafar dama a miƙe a sanƙare, ya ce tun da ya faɗo daga kan kaya gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Oga ya gwada ta sama ya gwada ta ƙasa, Ɗanladi na ihu yana kiran sunayen Allah. Aka gama, ya fito yana jan ƙafa. Daidai lokacin sai ga wani tsoho an kawo shi gashin baya, ashe ƙanen mahaifinsa ne daga Gwallaga. Kafin ka ce kwabo Ɗanladi ya zube ƙasa, durƙuso cikakke, gwiwa biyu a naɗe, sanda a gefe.

"Baba, barka da asuba. Ashe jikin ne ya motsa?"

Yana cikin gaisuwar ya ɗago ido muka haɗa. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa sai na yi dariya ni kaɗai a cikin keke. Ya dubi gwiwarsa kamar ta wani ce aka ara masa. Oga ya leƙo ya ce, "Ɗanladi, Allah ya ba ka lafiya da sauri haka?" Shi kansa sai da ya yi dariya. Ba mu wulaƙanta shi ba. Da muka zauna da shi a tsanake sai ga shi akwai ciwon gaske, amma a ƙugu yake, shi kuwa ya ga kamar ƙugu ba zai ba kowa tausayi ba shi ya sa ya ƙirƙiro gwiwa. Muka auna ƙugun, aka canza masa aiki zuwa ƙaramar mota, ya ci gaba da neman abincinsa.

Ku kuna jin wannan za ku ce ai aikin kama maƙaryata ne. Nan ne kuka yi kuskure. Maƙaryaci ba shi da wuya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka ba shi na'urar matsawa yanzu, ka ja shi da hira, ka sake ba shi, ba zai iya maimaita ƙaryar daidai ba. Wanda ke hana mu barci shi ne mai ɓoye ciwo. Mutanenmu an tashe su a kan cewa raki abin kunya ne. Ka tambayi mutum yaya jiki, ƙafarsa na ruɓewa, zai ce maka da sauƙi. In kuma Bafulatani ne, fulako ya haɗu da wannan, to sai Allah. Irin waɗannan su ake zalunta, kuma da bakinsu ake zaluntarsu.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar da aka yi ta tankaɗe da rairaya a wuraren aiki. Oga Yohanna ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, ni ke riƙe da ɗakin. Kasuwa ta tsaya, albashi ba ya zuwa a kan kari, kamfanoni da makarantun kuɗi kowa na neman hanyar rage ma'aikata ba tare da ya biya su komai ba. Ma'aikata kuma da suka ji ƙishin-ƙishin, kowa ya tuna yana da ciwon baya. Layi tun daga ƙofata har bakin ɗakin magani. Na'urar matsawa ta lalace ba kuɗin gyara, sai da na koma naɗe robar awon jini ina ba mutane su matsa ina karanta allurar. In na ce mutum zai iya aiki, danginsa su ce an saye ni. In na ce ba zai iya ba, mai kamfani ya ce an saye ni. Har gidana a unguwar Ɗan Iya wani ya biyo ni da zabi biyu a hannu, na ce ya mayar wa matarsa ta yi masa farfesu tunda shi ne mara lafiya. A shekarar nan kowa zargin kowa yake, kuma a cikinta aka kawo mini Inna Kulu.

Inna Kulu mai girki ce a wata makarantar kwana ta kuɗi da ke can bayan Gwallameji. Bafulatana ce, iyayenta sun bar kiwo sun zauna a gari tun tana yarinya, ta yi aure a Gwallaga, mijin ya rasu, ta kama aikin girkin nan tun makarantar na da aji biyu. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, idonta kullum a ƙasa. Makarantar ta rubuto cewa ta daina aikinta, kullum sai ta tura wa wasu, saboda haka za a kore ta a kan ƙin aiki. Wanda aka kora a kan ƙin aiki kuwa ba shi da komai, ko sisi, ga baƙin suna. Abokiyar aikinta, wata kakkaurar mata mai suna Talatu, wadda Hausarta irin ta Oga Yohanna ce, ita ta tayar da ƙura har aka kawo maganar gaban kwamiti, ita ce kuma ta rako ta. Hoton kafaɗa bai nuna wani abin kirki ba. Shugabar kwamitin, Dakta Rabi, ta duba ta ce akwai alamar jijiyoyin kafaɗar dama sun gaji, amma a kai wa Malam Garba ya auna.

Na ce, "Inna, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Malam."

"Ina ke miki ciwo?"

"Babu komai. 'Yar gajiya ce."

Talatu ta yi tsalle daga kan benci. "Oga, kar ka ji maganan shi! Wannan mata yana kwana zaune, ba ya iya kwanta a gefen dama. Ni na ke ɗaura mishi ɗankwali wani rana!"

Inna Kulu ta yi mata wani kallo, Talatu ta koma ta zauna tana ƙunƙuni. Na fara awo. Ɗaga hannu: ta ɗaga har sama. Kai hannu baya: ta kai. Akwatin yashi: ta ɗauke shi daga ƙasa ta ɗora a tebur, daga tebur ta kai shi kan kantar bango, ta sauke, ta koma ta tsaya ta harɗe hannu kamar mai jiran a ba ta wani. Duk abin da na sa ta sai ta yi. In da a takarda kaɗai za a bi, matar nan lafiyarta ta fi tawa. Amma na ga zufa ta tsattsafo mata a karan hanci alhali fanka na juyawa. Na ga ta cije gefen mayafinta lokacin da akwatin ya wuce kafaɗa. Na sa nas ta kama mata hannu ta ji bugun jini, yana gudu kamar wadda ta hau dutse. Da za ta fita, da hagu ta ɗauki takalminta, hannun dama na manne a cikinta.

Wakilin makarantar, Malam Audu, yana zaune yana kallo. Ba mugun mutum ba ne, an dai ba shi umarni ya rage mutane, kuma shi ma yana tsoron tasa kujerar. Ya ce, "To Malam Garba, ka gani da idonka. Ta ɗaga, ta sauke. Sai a rubuta." Na ce masa ban gama ba. Ya ce me ya rage? Na ce ni ban san akwatin yashi take dafa wa ɗalibai ba.

Washegari na tari keke na nufi makarantar. Wannan ɗabi'a ce da na gada wurin Oga: kada ka yanke hukunci a kan aikin da ba ka taɓa gani ba. Na je gidan bulo na ɗauki bulo, na je wurin masu faci na ɗaga taya, na hau tsani da masu fenti. Amma ban taɓa shiga rumfar girkin makarantar kwana ba sai ran nan. Kai jama'a! Tukunya ce ta ƙarfe wadda babban mutum zai shiga ya zauna, a kan murhun duwatsu, wuta na ci bal-bal. Muciyar kuwa ta kusa kai mini haɓa, kaurinta kamar taɓarya. Na tarar an yi talge yana tafasa, za a fara zuba garin masara. Na cire hula na naɗe hannun riga na ce a ba ni muciyar. Matan suka dubi juna, wata ta rangaɗa guɗa.

Da farko na ce ashe abin ba wuya. Talge ruwa-ruwa ne, muciya na yawo yadda nake so. Talatu na zuba gari tana murmushin mugunta. Can sai tuwon ya fara kamawa. Ya kama, ya ƙara kamawa, har ya zama kamar ina juya laka da ta kwana. Ba ɗagawa ake yi ba, yara, ku ji da kyau. Cusa muciyar ake yi har gindin tukunya, a danno ta, a murɗo tuwon a maka shi jikin tukunya, a sake komawa, hannun dama a sama da kafaɗa, ba tsayawa, don in ka tsaya ya kama ƙasa. Hayaƙi na shiga ido, tururi na dukan fuska, tuwon na tsalle yana ɗigo maka a hannu. Ban kai ko'ina ba kafaɗata ta ɗau wuta, numfashina ya sarƙe. Na saki muciya na koma gefe ina haki, matan na tafa hannu suna shewa.

"Oga, ka gaji? Ai ko rabi ba ka yi ba! Kuma da rana akwai wani, da dare akwai wani!"

Ina zaune a kan turmi ina shan ruwa, amma zuciyata fara ƙal, murna kamar an yi mini bushara. Na samo abin da nake nema. Akwatina yana tambayar kafaɗa ta ɗaga nauyi sau ɗaya ta huta. Tukunya tana tambayarta ta murɗa nauyi a sama, ta maimaita, ta maimaita, har tuwo ya nuna. A nan Talatu ta gaya mini sauran. Tun da kafaɗar ta fara, su suka raba tuƙin a tsakaninsu, suka bar wa Inna Kulu tankaɗe da wanke-wanke da kwasa, ba wanda ya sani. Da aka fara neman wanda za a rage ne aka sa ido, aka ga ba ta taɓa muciya. Da aka kira ta ofis aka tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Ta gwammace a ce mata malalaciya da ta buɗe baki ta ce ta kasa.

Daga can ban zame ko'ina ba sai ofishin Dakta Rabi, rigata duk gari. Na ce mata ina so a kawo tukunya da muciya asibiti, a yi tuƙi a gaban kwamiti. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Garba, asibitin za ka mayar mana gidan biki?"

"Ranki ya daɗe, in direba ne ai mota za mu ba shi. Wannan motarta ke nan."

Ta yi dariya har da buga tebur. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Ita da kanta za ta auna kafaɗar kafin a fara da bayan an gama, kuma da zarar ni ko ita mun ce a tsaya, an tsaya, don ba za a ƙarasa kafaɗar baiwar Allah a kan neman hujja ba. Malam Audu ma ya yarda da sauri. A lissafinsa, in ta tuƙa ta nuna lafiyarta ƙalau, in ta ƙi ta nuna ƙin aiki. Shi da kansa ya sa aka ɗoro tukunyar a motar makaranta, da itace, da garin da ake tuƙawa a girki ɗaya, bai rage ko mudu ba.

Kafin ranar na kira Inna Kulu na zaunar da ita. Na ce, "Inna, ba gasa za a yi ba. In kin ji ciwo ki saki muciya. Sakin nan shi ne zai taimake ki, kin gane?" Ta ce, "To." Na san irin wannan to ɗin, na sha jin ta a bakin mutanenta, ba ta nufin komai sai na ji ka.

Ran nan da hantsi aka kafa murhu a bayan sashenmu, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Aka jera wa 'yan kwamiti kujeru. Kafin wuta ta kama, labari ya zaga asibiti: masu jinya, masu shara, masu gadi, har wani mai karaya ya sa aka turo shi a keken marasa lafiya. Ni kuwa sai kai da kawowa nake kamar uban biki, ina gyara itace, ina korar mutane baya. Dakta Rabi ta auna kafaɗa a cikin ɗaki, hannu ya tashi har sama kamar ranar farko. Aka fito. Inna Kulu ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta wanke hannu, ta yi bismillah ta karɓi muciya.

Yara, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin na farkon tuƙin nan ba. Matar da ba ta iya haɗa ido da mutum sai ga ta ta zama wata daban. Ta kafa ƙafa, ta ce wa Talatu, "Zuba." Muciya na shiga tana fita, tuwo na juyawa yana bugun tukunya da wani sauti, tim, tim, kamar ana kiɗa. Ni da na san nauyin abin, sai da tsikar jikina ta tashi. Masu kallo suka fara, "Sannu Inna! Allah ya ba da lada!" Malam Audu ya dube ni ya ɗaga gira. Ban kula shi ba, idona na kan kafaɗar dama.

Da tuwon ya fara kamawa sai na ga gwiwar hannunta ta fara saukowa. Ta daina kai hannun sama. Ta matso da muciyar jikinta tana turawa da ƙirji. Sautin ya canza, ya daina zuwa a jere. Can ta sauya hannu, ta mai da hagu sama, abin bai yi ba, ta mayar. Sai ta soke kan muciyar a hammatarta tana juyawa da dukkan jikinta, zufa na zuba, amma ko nishi ba ta yi. Na matsa kusa na ce, "Inna, ya isa. Tsaya."

"Ba a barin tuwo a tsakiya, Malam."

"Na ce ki tsaya!"

Ko kallona ba ta yi ba. Dakta Rabi ta miƙe ta zo da kanta ta dafa ta. "Inna, don Allah, ni 'yarki ce, ki saki." Tana cikin faɗa, hannun ya saki da kansa. Yatsun suka buɗe, muciyar ta kwanta a bakin tukunya, hannun ya faɗo gefenta kamar ba nata ba. Talatu ta yi wuf za ta karɓa ta ƙarasa, Dakta ta ce a'a, a janye wuta, a bar shi yadda yake.

Aka shiga da ita ciki aka sake awo. Hannun da ɗazu ya kai sama, yanzu ko daidai kafaɗa bai kai ba. Aka ba ta robar matsawa, allura da ƙyar ta motsa. Ɗankwalinta ya zame, ta kai hannu za ta gyara, hannun ya tsaya a hanya. Dakta Rabi ta fito ta karɓi mara a hannun Talatu, ta yanko tuwon daga tsakiya ta fasa shi a faranti a gaban 'yan kwamiti. Gudaji ne fal a ciki, in ka murje sai ɗanyen gari ya fito fari. Ta tura wa Malam Audu farantin ta ce, "Malam, ka taɓa ganin wannan a tuwonta?" Ya duba, ya ce tsakaninsa da Allah, tun da ya zo makarantar, in dai an ce Inna ce ta tuƙa, har malamai aikowa suke a ɗebar musu.

Zaman kwamitin bai ɗau lokaci ba. Aka yanke cewa kafaɗar ba za ta ƙara ɗaukar tuƙi ba, kuma tuƙin ne ya cinye ta. Ba kora ba ce, ritaya ce ta rashin lafiya, da dukkan haƙƙinta, kuma makaranta za ta ɗauki nauyin gashin da za a riƙa yi mata. Malam Audu ya sa hannu bai yi gardama ba, ina jin shi ma an sauke masa wani dutse ne daga ƙirji. Ni kam ban san lokacin da na fito da gudu ba, da girmana da komai, ina neman ta in yi mata albishir.

Na same ta a gindin dogon yaron. Kun san halin asibiti, an ji ƙamshin tuwo. Masu shara da masu gadi da 'yan jinya sun yi layi da kwanoni da ledoji, wata har ta aika a sayo miyar kuka a bakin ƙofa. Inna Kulu ta sa an rufe tukunyar, ta tsaya a gabanta ta ɗora hannun hagu a kan murfin. Wani mai gadi na cewa, "Haba Inna, ai ko yaya yake za mu ci, yunwa muke ji." Ta girgiza kai. Ta ce wa Talatu a nemo masu ɗauka a kai wa awaki, bakin mutum ba zai taɓa shi ba.

Na kutsa cikin mutane ina washe baki na ce, "Inna, albishirinki! An gama. Ba wanda zai kore ki, za a ba ki haƙƙinki gaba ɗaya. Kin yi nasara!"

Talatu ta rangaɗa guɗa ta rungume ta. Ita kuwa ba ta motsa ba. Ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta, sai na ga hawaye na bin kumatunta, matar da ciwo bai sa ta ko nishi ba.

"Na gode, Malam, Allah ya saka," in ji ta. "Amma da ka bari sun kore ni. Tun ina budurwa nake tuƙi, ba a taɓa tsintar gudaji a tuwona ba. Yau ka tara mini gari sun gani."